Idan Za a Kafa Turken Sadarwa a Unguwarku: Jagora ga Mai Fili, Maƙwabta da Mai Unguwa

A unguwarmu, ranar da muka fara sanin za a kafa turken sadarwa, wato abin da jama'a suka fi kira ƙarfen sabis, ita ce ranar da tifa ta juye tsakuwa a bakin wani kango da ke jingine da gidan wani dattijo. Kafin a cika mako uku an haƙa rami, an ɗaure rodi, an zuba kankare, kuma sai da ƙarafa suka fara hawa sama sannan maƙwabta suka taru a zauren mai unguwa suna tambayar wanda ya ba da izini. A lokacin ni nake riƙe da littafin kwamitin unguwa, saboda haka ni aka ɗora wa zirga-zirgar ofisoshi. Abin da na koya a wannan zirga-zirga shi ne cewa haƙƙin da doka ta ba maƙwabci yana da ƙarfi ne kafin a zuba kankare. Da zarar tushe ya bushe, abin da ya rage sai lallashi ko doguwar shari'a.

Ba ina kira a kori turakun sadarwa daga cikin gari ba. Tun da aka fara wayar salula ta GSM a Najeriya a 2001, cinikinmu da zumuncinmu da neman taimakonmu a lokacin lalura duk sun rataya a kan waɗannan ƙarafa, kuma wanda ya ga yadda mutanen Gusau suka riƙa tafiya har Funtuwa domin kiran waya ko tura kuɗi lokacin da aka katse layuka a Zamfara a watan Satumba na 2021 ba zai raina amfaninsu ba. Manufar wannan jagora ita ce a kafa turke inda ya dace, bisa ƙa'ida, babu cuta babu cutarwa.

Mataki na farko: a san hurumin kowace hukuma

Yawancin ƙorafe-ƙorafe suna mutuwa ne saboda an kai su ofishin da ba shi da ikon komai a kansu. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya harkar tarho da sadarwa ta iska cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Don haka bayar da lasisi ga kamfanoni, da raba musu zangon siginar da za su yi aiki a kai, da ƙayyade ƙirar turke da ƙarfin siginar da eriya za ta fitar, duk suna hannun Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, wadda aka kafa a 1992 kuma take aiki da Dokar Sadarwa ta 2003. A 2009 hukumar ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan kafa turaku, kuma su ne za mu riƙa komawa gare su.

Amma turke a kan ƙasa yake tsayawa, ita kuwa ƙasa da tsarin gari hurumin jiha ne. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta yi da Gwamnatin Tarayya, ta tabbatar da cewa tsara birane da ba da izinin gini a cikin jiha aikin gwamnatin jihar ne. Ita kanta Dokar Sadarwa, a sashe na 135, ta ɗora wa kamfani alhakin neman amincewar gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma ko duk wata hukumar da abin ya shafa kafin ya kafa kayansa a kan wani fili. Saboda haka idan ɗan kwangila ya ce muku "muna da lasisin tarayya, ba ruwanmu da jiha", bai faɗi daidai ba. A Kano hukumar da ke ba da izinin gini ita ce KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, a Abuja sashen kula da gine-gine na Babban Birnin Tarayya, kuma kowace jiha tana da tata hukumar tsara birane.

Akwai wasu hukumomin tarayya guda biyu da ke da baki a maganar. Ta farko ita ce NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da nata ƙa'idojin kan turakun sadarwa da na gidajen rediyo da talabijin a 2011. Ta biyu ita ce Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, wadda ke ba da takardar amincewa da tsayin turke domin kada ya shiga hanyar jirgi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gari irin Kano, inda filin jirgin Malam Aminu Kano yake kewaye da unguwanni. A 2019 NCAA ta yi barazanar rushe dubban turaku a faɗin ƙasar saboda rashin wannan takarda.

Ƙaramar hukuma ita ce ke da iko kan filayen da ke wajen yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada, kuma ita ke karɓar harajin gine-gine. Mai unguwa da dagaci da hakimi kuwa, duk da girman matsayinsu wajen shaida da sulhu, takardarsu ba izinin gini ba ce. Ya kamata su kansu su san haka, domin akwai 'yan kwangilar da ke karɓar sa hannun mai unguwa a kan takardar "babu ƙorafi" su riƙa nuna ta tamkar jama'a sun amince, alhali ba a tara kowa ba.

Mataki na biyu: a gano ainihin mai turken

Mutane da yawa suna zaton kamfanin layin da suke amfani da shi ne ke da turken. Galibi ba haka ba ne. Tun wajejen 2014 manyan kamfanonin waya suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanonin da sana'arsu ita ce mallakar turke da bayar da hayarsa, irin su IHS da ATC, kuma turke ɗaya kan ɗauki eriyoyin kamfanoni biyu ko uku. Su kuma masu turke ba su ne ke zuwa unguwa da kansu ba. Akwai mai neman fili, akwai dillali, akwai ɗan kwangilar gini, daga baya akwai mai zuba man gas da kamfanin masu gadi.

Saboda haka tambayar farko da za a yi wa duk wanda ya zo da tef yana awo ita ce: wane kamfani ne zai mallaki turken, ina ofishinsa, kuma mece ce lambar wannan wuri? Kowane turke yana da lambar da kamfani ya ba shi, wadda ake rubutawa a allon da ke jikin ƙofa bayan an gama. A rubuta sunan mutumin, a nemi ganin katin shaidarsa da wasiƙar da ta turo shi. Duk wasiƙar da za a rubuta nan gaba, idan ba ta ɗauke da wannan lamba ba, da wuya a gano fayil ɗinta.

Mataki na uku: a ɗauki tef a auna

A nan ne maganar take, kuma a nan ne hukumomin tarayya biyu suka saɓa. Ƙa'idojin NCC na 2009 sun ce a bar tazarar mita 5 tsakanin turke da ginin da ya fi kusa, ba tare da lissafa katanga ba. Ƙa'idojin NESREA na 2011 kuwa sun ce mita 10 daga gindin turke zuwa katangar gida ko wurin kasuwanci ko makaranta ko asibiti, idan kuma babu katanga, mita 12 daga bangon ginin. An daɗe ana jayayya a kan wannan saɓani, har NESREA ta rufe wasu wurare, kamfanoni kuma suka riƙa kafa hujja da awon NCC. Abin da wannan ke nufi ga maƙwabci shi ne kada ya tsaya yin gardama da baki a kan wace doka ce ta fi ƙarfi. Ya auna, ya rubuta adadin, ya kai wa hukumomin biyu, ya nemi kowace ta amsa masa a rubuce kan wannan fili.

Yadda ake awon shi ne daga inda ƙafar turke mafi kusa za ta zauna zuwa katangar maƙwabci, sannan a sake aunawa zuwa bangon ɗaki mafi kusa. A yi haka ta kowane ɓangare, a gaban shaidu biyu, a ɗauki hoto tef yana miƙe yadda lambar ke fitowa. Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi tun kafin a kawo tsakuwa: fuloti mai faɗin ƙafa 50 bai wuce mita 15 da ɗan kai ba. Idan akwai gidaje dama da hagu, tazarar mita 10 ta kowane gefe tana buƙatar mita 20, ban da faɗin gindin turken kansa. Wato irin wannan fuloti ba zai taɓa cika sharaɗin NESREA ba, ko da a tsakiyarsa aka dasa turken. A unguwarmu da mun yi wannan lissafi a makon farko, da mun je hukuma da hujjar da ba ta buƙatar lauya.

Tsayi ma yana da ƙa'ida. Ƙa'idojin NCC na 2009 sun hana kafa turken da ya wuce mita 25 a yankin da aka keɓe domin gidajen zama, sai da izinin NCC na musamman, sun sanya mita 150 a matsayin iyakar tsayi, sun kuma ce turaku biyu da kowanne ya haura mita 55 a bar kilomita 1 tsakaninsu. Hikimar wannan sharaɗi na ƙarshe ita ce a tilasta wa kamfanoni haɗa kai a kan turke ɗaya maimakon kowa ya dasa nasa. Idan akwai wani dogon turke kusa da ku, kuna da damar tambaya a rubuce: me ya hana a ɗora sababbin eriyoyin a kansa?

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Idan turken ya riga ku zuwa, aka yanka filaye daga baya mutum ya yi gini har ya manne da katangarsa, hujjarsa ta tazara ba ta da ƙarfi. Mai sayen fuloti kusa da turke shi ma ya auna kafin ya biya.

Mataki na huɗu: a nemi ganin takardu

Kafin a fara haƙa, kamfanin da ke bin ƙa'ida yana da izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, tare da taswirar wurin mai hatimi wadda ke nuna inda turke da janareto da tankin mai za su zauna. Yana da takardar NCAA ta amincewa da tsayi. Yana da shaidar an yi nazarin tasirin aikin ga muhalli, wanda Dokar Nazarin Tasirin Muhalli ta 1992 ta kafa tushensa kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke kula da shi. Yana da rahoton gwajin ƙasa da zanen tushe wanda injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya sa wa hannu, da kuma takardar inshora da za ta biya diyya idan turken ya jawo wa wani asara.

A kula da abu biyu a jikin kowace takarda: kwanan wata da adireshi. Na taɓa riƙe kwafin izinin da aka miƙo mana da gadara, da muka duba da kyau sai muka ga sunan wata unguwa ce daban a jiki. Idan an ƙi nuna muku, ku je hukumar tsara birane da kanku ku tambaya ko an ba da izini a kan wannan fili. Ga hukumomin tarayya kuwa, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Mataki na biyar: abin da ya rataya a wuyan mai fili

Mai fili shi ne ya fi kowa ƙarfi a wannan lamari kafin ya sa hannu, kuma shi ne ya fi kowa rauni bayan ya sa. Kuɗin haya na shekaru da ake biya a dunƙule yana da ruɗi, musamman ga wanda ya daɗe yana neman abin da zai rufa wa kansa asiri, amma yarjejeniyar takan ɗauki shekara goma ko fiye, kuma maƙwabtan da zai ci gaba da haɗuwa da su a masallaci ba za su je ofishin kamfani da fushinsu ba, ƙofarsa za su zo.

Ya fara da tabbatar da cewa yana da ikon bayar da filin. Idan na gado ne da ba a raba ba, sai duk magada sun amince a rubuce, har da mata da waɗanda ke zaune a wani gari, kuma rabon marayu sai da waliyyinsu. Babban wa ba shi da ikon sa hannu shi kaɗai don kawai shi ne babba. Idan filin yana da takardar shaidar mallaka ta gwamna, sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a ba wani hayarsa ta wannan hanya, kuma ya kamata yarjejeniya ta fayyace wanda zai bi wannan aiki da wanda zai biya kuɗinsa. Kada ya saki asalin takardar filinsa ga kowa. Kwafi ya isa.

Ya ɗauki lauyansa na kansa, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ya dage a karanta masa kowane sashe a fassara masa da Hausa. Ya lura da sunan wanda yake ƙulla yarjejeniyar da shi, domin akwai masu karɓar fili a hannun mai shi da araha da sunan kansu, su juya su ba kamfani haya da ninkin kuɗin. Ya nemi a rubuta bayan shekara nawa za a sake duba kuɗin haya, domin duk wanda ya ga yadda darajar naira ta sauka a 'yan shekarun nan ya san kuɗin da ya yi kauri yau ba lallai ya sayi rabin abin da yake saya ba nan da shekara biyar. Ya tambayi abin da zai faru idan aka ɗora eriyar wani kamfani a kan turken, ko aka sayar da turken gaba ɗaya. Ya san cewa ana cire haraji daga kuɗin haya tun daga tushe, ya nemi takardar shaidar an biya shi da sunansa.

Sashen da aka fi mantawa shi ne na ƙarshen haya. A rubuta ƙarara cewa kamfani ne zai kwance turken, ya fasa kankaren tushe, ya kwashe ƙasar da mai ya ɓata, ya mayar da fili yadda za a iya gini a kansa, cikin wa'adin da aka ambata. Tushen turke dunƙulen kankare ne da rodi mai zurfi a ƙasa, kuma fasa shi na iya cin kuɗi mai yawa. A kuma rubuta cewa duk asarar da turken ko janareto ko ma'aikata suka jawo wa wani, kamfani ne zai ɗauka.

Mataki na shida: zaman unguwa, da abin da ya kamata a tattauna a cikinsa

Mai unguwa ya kira zama kafin a fara aiki, a gayyaci wakilin kamfani da mai fili da duk wanda gidansa ke kallon wurin, a tabbatar an ji ta bakin matan gidajen, domin su ne ke wuni da ƙarar inji da hayaƙinsa. A rubuta abin da aka cimma, kowa ya sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

A irin wannan zama kusan kullum maganar farko da ke tashi ita ce ta lafiya: ana cewa siginar tana kawo ciwon daji ko tana hana haihuwa. Wannan damuwa ce ta mutanen da ke son iyalinsu, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu gamsasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna cewa raunanan siginar da ke isowa ga jama'a daga turakun waya tana cutar da lafiya. Akwai iyakar da wata hukumar masana ta duniya, ICNIRP, ta gindaya a 1998 ta kuma sabunta a 2020, kuma ita ce ma'aunin da ake bi. Gaskiya ne cewa a 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan sigina a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" suna da alaƙa da cutar, amma abin da ya kai ta ga haka bincike ne kan wayar da ake karawa a kunne. Eriyar da ke saman turke tana harba siginarta ne gaba, kamar hasken tocila da aka haska nesa, don haka gidan da ke gindinta kaɗan ne ke sauka a kansa. Wayar da ke nesa da turke ma ita ce ke ƙara ƙarfinta domin ta kamo shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana iya rubuta wa NCC ya nemi a zo a auna a gidansa.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne na ga yadda zamanmu ya ƙare a kan maganar sigina, wakilin kamfani ya amsa cikin sauƙi, aka tashi ba a taɓo abin da daga baya ya hana mu barci ba. Cutarwar da ake gani da ido tana ƙasa ne, ba a sama ba. Janareto yana aiki dare da rana a inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Ƙa'idojin NCC sun ce a ajiye shi mita 5 daga gidajen mutane, ya kasance mai rufin rage ƙara, kuma kada a juya bututun hayaƙinsa wajen gidan kowa. Akwai kuma ƙa'idojin ƙasa na 2009 kan hayaniya waɗanda NESREA ke aiwatarwa. Dattijon da na ambata a farko, tagar ɗakin kwanansa tana kallon bututun, kuma cikin wata biyu labulensa ya yi baƙi, bangon ya riƙa amsa rurin injin har kwanon sha yana motsi a kan tebur.

Sai man gas da baƙin mai. A nemi a gina wa tanki da janareto dandamalin siminti mai gefe, yadda abin da ya zuba ba zai shiga ƙasa ba, a kuma faɗi inda za a riƙa kai baƙin man da aka juye. Duk gidan da ke da rijiya ko burtsatse kusa, ya ɗebi ruwansa ya kai a gwada tun kafin a fara aiki ya adana sakamakon, domin ranar da ruwa ya fara warin mai wannan takarda ce kaɗai za ta nuna cewa da ba haka yake ba. A yi maganar hanyar da tankar mai za ta bi da lokacin zuwanta, da magudanar ruwan sama, da maganin tsawa da wayarsa da ke shiga ƙasa, da katanga da ƙofa mai makulli domin yara, da kuma wanda za a kira idan wani abu ya faru da tsakar dare. Idan kamfani yana da tsarin haɗa batir da hasken rana, a roƙa a sa shi, domin yana rage awannin da inji ke yi a kunne.

Mataki na bakwai: lokacin gini

Wanda katangarsa ke kusa ya ɗauki hoton bangonsa ciki da waje kafin a fara haƙa, saboda tsagewa. A duba ko inda aka haƙa ya yi daidai da taswirar da aka amince da ita. Idan an gama, a tabbatar an yi fentin ja da fari, jar fitilar saman tana ci da dare, kuma an kafa allo mai sunan kamfani da lambar wurin.

Mataki na takwas: idan an riga an kafa, ko an karya alkawari

A fara da wasiƙa zuwa ga kamfanin da ke da turken, gajeriya, mai ɗauke da lambar wurin, da awon da aka yi, da hotuna, da abin da ake so a gyara, da wa'adi. A kai ta hannu da hannu, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinku. Wasiƙa ɗaya mai sa hannun magidanta ashirin ta fi kiran waya ɗari. Idan ƙara ce matsalar, a buɗe littafi ana rubuta ranaku da awannin da injin ya yi yana damun mutane.

Idan wa'adi ya wuce, a raba ƙorafin gwargwadon hurumi. Rashin izinin gini ko saɓa wa taswira, hukumar tsara birane ta jiha, wadda ke da ikon dakatar da aiki. Ƙara da hayaƙi da malalar mai da tazara, ofishin NESREA na jiha da ma'aikatar muhalli ta jiha. Ƙirar turke, tsatsa, karkacewa, tsayi da awon sigina, NCC, wadda ke da ofishin shiyya a Kano da hedikwata a Abuja. Lambarta ta kyauta, 622, ta fi dacewa da matsalolin layi, don haka maganar turke a rubuta ta. Fitilar sama da ta mutu, musamman kusa da filin jirgi, NCAA. Idan hukuma ce ta yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a kowace jiha. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma lauya ne zai tantance wadda ta dace, domin Dokar Sadarwa ta ba Babbar Kotun Tarayya hurumin abin da ya taso daga dokar, rikicin fili da cutar da maƙwabci kuwa na iya zama na babbar kotun jiha.

Duk yadda rai ya ɓaci, kada a ɗaure ƙofar wurin da sarƙa, kada a yanke waya, kada a hana ma'aikata shiga da ƙarfi. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ayyana kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, a ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015, kuma matashin da ya taɓa su zai mayar da unguwar da aka zalunta ta zama wadda ake tuhuma. Haka nan jami'in ƙaramar hukuma ko na jiha da ke bin kuɗin haraji, hanyarsa ita ce takarda da kotu, domin rufe turke ɗaya yakan ɗauke sabis a wasu turakun da ke karɓa ta kansa.

Akwai wasu turakun da ba a cika kula su ba, kuma a ganina sun fi na kamfanonin waya haɗari: siraran ƙarafan bututu da bankuna da makarantu da otal-otal da masu sayar da intanet ke kafawa a kan rufi ko a tsakar gida, ana ɗaure su da wayoyi. Da yawansu walda ce ta bakin titi, babu injiniya, kuma bayan an daina amfani da su ana barin su suna tsatsa har iskar farkon damina ta zo. Izinin gini da takardar tsayi sun shafe su su ma, kuma maƙwabci yana da damar kai maganarsu hukumar tsara birane. Eriyar da ke kan rufin bene kuwa, a tabbatar injiniya ya duba ko ginin zai ɗauki nauyinta, kuma a killace gabanta yadda masu shanya ko yara ba za su tsaya dab da fuskarta ba.

Mu a unguwarmu turken bai tashi ba, domin mun makara. Amma bayan wasiƙu huɗu da ziyarar jami'an muhalli sau ɗaya, an matsar da janareto ɗaya gefen, an juya bututun sama, an gina wa tanki dandamali, an kuma gyara bangon dattijon da ya tsage. Tun daga lokacin kwamiti ya sanya wa kansa aiki guda: kowace shekara kafin ruwan farko, mutum biyu suna zagaya wurin su duba tsatsa a ƙafafun turken da kusoshin gindinsa, su leƙa ko akwai ɗigon mai a bakin katanga, su tsaya bayan sallar isha'i su ga ko jar fitilar tana ci, sannan su rubuta abin da suka gani a littafi tare da kwanan wata, a aika wa kamfani kwafi.